Bashin Iskoki: Nazarin Yadda Wani Manomi Bamaguje Ya Sami Ceto

Wannan nazari ne a kan mutum ɗaya, manomi Bamaguje daga kudancin ƙasar Katsina, wanda ya ɗauki kimanin shekara shida daga ranar da hankalinsa ya tashi zuwa ranar da ya ce ya huta. An sakaya sunansa da na ƙauyensu, za a riƙa kiransa Maigidan. Shi ba mai lissafin shekarun Turawa ba ne, don haka an tsayar da lokutan da abubuwan da kowa a yankin ya shaida: canjin kuɗi, babban fari, ciwon gyaɗa da buɗe makarantun UPE, wato shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa. An rubuta shi ne musamman don masu bishara da ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki waɗanda za a tura karkara.

Asalin gidan

Maguzawa Hausawa ne gaba da baya, sai dai sun riƙe addinin kakanni bayan birane sun musulunta. Ana samun su a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau, galibi a manyan gidaje warwatse cikin gonaki. Gidan da muke magana a kai yana da mutum kusan arba'in masu noma gandu ɗaya: dawa da gero don ci, gyaɗa da auduga don kuɗi. Mata suna da gayaunarsu, suna kuma dafa giya.

Bamaguje ba ya musun akwai Allah. Ya san shi ya yi sama da ƙasa. Amma a ganinsa Allah ya yi nisa, harkar yau da gobe tana hannun iskoki, masu zama a tsamiya da kuka da tsofaffin rijiyoyi. Kowane gida da iskokin da ya gada, kowane iska kuma da irin dabbarsa da launinta, wannan jan zakara, wancan baƙar akuya. Ana yanka kafin shuka, ana yi bayan girbi, ana yi in ciwo ya shigo. Babba a gida ne ke riƙe da wuƙar yankan. In aka yi sakaci, iska yakan karɓi abinsa da kansa, ta jikin yaro ko mace ko dabba. Shi ya sa duk lokacin da Maigidan yake ba da labarin nan, kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce bashi. "Bashi muka gada," in ji shi, "ba wanda ya san yawansa, ba wanda ya taɓa gama biya."

Bishara ta daɗe ba ta kai irin waɗannan gidaje ba. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya iso Nijeriya tun 1893, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautu. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar asibitocin kutare, irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. A farkon shekarun 1960 kuma Sardauna ya yi rangadin kira zuwa Musulunci a Arewa. Kafin 1970, gidan Bamaguje ya zama gida mai jin kira daga ɓangare biyu, yana kuma riƙe da na uku.

1973: Yadda abin ya fara

Mahaifin Maigidan ya rasu da sanyi, a shekarar da naira ta maye gurbin fam. Ƙanen mahaifin ya riga ya ware nasa gidan a ƙetaren rafi, don haka wuƙar yanka ta faɗo hannun Maigidan yana da shekara talatin da wani abu, da mata biyu da 'ya'ya shida. Da bazara ƙyanda ta shigo. Cikin kwana goma sha biyu ya binne yara biyu, duka na uwargida. Damina ta zo ta ƙi zama, shekarar babban fari ke nan. Gandun da yakan ba da dami sama da ɗari biyu bai kai saba'in ba.

Farin ya taɓa kowa, ƙyandar ma haka. Amma a gidan an ce ruwa ba ya tsami banza. Wata tsohuwa ta tuna cewa marigayi ya yi wa wani iska alkawarin baƙar akuya lokacin wata rashin lafiya, ya mutu bai cika ba. Daga ranar Maigidan ya daina barci sosai. Yakan tashi tsakar dare ya bi ɗakuna yana saurarar numfashin yara.

1973 zuwa 1974: Yanka, boka da girka

Ya fara da abin da ya sani. Ya biya akuyar alkawari, ya ƙara jan zakara. Da uwargida ta kwanta, ba ta ci ba ta magana, boka ya ce iska ne ke nemanta, sai an yi mata girka, wato a shigar da ita bori. Aka kira 'yan bori da mai garaya, aka yi kwanaki ana yi. Ta tashi, ta fara cin abinci, kuma Maigidan bai taɓa musun cewa ta sami sauƙi ba. Sai dai girkar ta zo da nata sharuɗɗa: yanzu ita ma tana da iskokin da za a riƙa yi wa hidima duk shekara, da tufafinsu da turarensu.

Da ya ƙidaya abin da ya fita cikin wata goma sha takwas, awaki bakwai ne, tunkiya ɗaya, kaji fiye da ashirin, da dami goma sha biyar na dawa, a shekarar da ake auna tuwo. Barcin bai dawo ba. Kowane boka ya je wurinsa sai ya gano wani sabon iska da aka manta.

1974: Wurin malamin gari

Ƙanen Maigidan ya musulunta a wannan shekara ya koma gari, kuma zumuncinsu bai yanke ba har ƙarshen rayuwa. Shi ya kai shi wurin wani malami. Aka ba shi rubutun sha da laya huɗu, aka ce ya yi sadakar waina ga almajirai, ya yi. Maigidan yakan ambaci malamin nan da girmamawa, domin bai ruɗe shi ba. Ya ce masa, "Maigida, abin da ka roƙa na ba ka, amma addini ba laya ba ne. In shiga za ka yi, ka shiga da zuciya ɗaya."

Bai shiga ba. Ƙanensa yana iya tafiya domin ba shi ke riƙe da wuƙa ba. Shi kuwa in ya tafi, wa zai tsaya tsakanin iskoki da mutum arba'in? Ya rataya layun, ya ci gaba da yanka.

1975: Ɗaga hannu na farko

Da rani wata ƙungiyar masu wa'azi ta zo daga nesa, da ganguna da waƙoƙi, suka yi kwana uku a filin kasuwa. Wa'azinsu a kan wutar jahannama ne da ikon sunan Yesu. Maigidan ya ɗauki rabi na biyu: ga wani suna da ya fi ƙarfin iskoki. Ya ɗaga hannu, aka yi masa addu'a, aka karɓi layunsa da wasu kayan girkar uwargida aka ƙone a gaban jama'a. Rana ta huɗu motar ta tafi. Majami'a mafi kusa tafiyar awa uku ce a ƙasa. Ya je Lahadi biyar, bai san kowa ba, bai iya bin Littafin Waƙoƙi ba.

Da daminar nan ciwon gyaɗa ya cinye gonaki a faɗin Arewa. A gidan ba a ce annoba ba ce, cewa aka yi ga sakamakon ƙona kaya. Uwargida ta sake kwanciya don tsoro. Kafin kaka Maigidan ya sayi sababbin kayan girka, ya ninka yanka don ba da haƙuri. Ya fita daga wannan gwaji da bashi fiye da yadda ya shiga, da kuma kunya, domin har yara suna yi masa waƙar mai raba ƙafa.

1976 zuwa 1978: Malamin da ya zauna

A shekarar da aka buɗe makarantun UPE, wata ikilisiya ta turo mai bishara, wanda za a riƙa kira Malam, ya zauna a yankin da matarsa da 'ya'ya biyu. Shi ma ɗan Maguzawa ne daga ƙasar Kano, mahaifinsa ya riƙe wuƙa. Ya roƙi gona a wurin Sarkin Noma, ya gina ɗaki biyu da taimakon gayya, shi ma duk gayyar da aka kira yana can da fartanyarsa. Matarsa tana zuwa suna da biki da makoki. Ranar rigakafi yakan ɗauki yara a keke, biyu biyu, zuwa ɗakin shan magani. Wata shida na farko bai yi wa Maigidan maganar ɗaga hannun da ya taɓa yi ba, ko da yake ya ji labari tun makon farko.

Abin da ya haɗa su ajin karatun manya ne, dare uku a mako, da fitilar ƙwai ɗaya da allo. Maigidan ya shiga ne don kada a riƙa cutarsa a wurin awon auduga. Wani lokaci bayan aji akan kunna rediyo a ji shirin Hausa na ELWA, tashar rediyon Kirista da ke Monrobiya a Laberiya. Ya ɗauki wata goma sha huɗu kafin ya iya karanta Bisharar Markus da kansa, yana bi da yatsa.

A sura ta 5 ya tsaya, wurin mutumin da ke zama a makabarta, wanda ko sarƙa ba ta riƙe shi. Ba warkarwar ce ta kama shi ba, ya ga masu ciwon iska sun sami sauƙi a girka. Abin da ya tsayar da shi shi ne aljanun ne suke roƙon Yesu ya bar su su shiga aladu. "Malam," ya ce, "su ne suka roƙe shi? Ba shi ya lallashe su ba?" Tun yana yaro bai taɓa jin inda iska ya roƙi mutum ba. Bai kuma ga inda aka yanka ko zakara ba.

Bayan wannan Malam ya kai shi Ibraniyawa sura 10, inda aka ce hadayun da ake maimaitawa kowace shekara tuni ne kawai na zunubi, jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da shi, amma Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Maigidan ya ce wanda ya rubuta wannan ya san gidansu. Nan kuma aka shiga wani kuskure da ya ɗauki watanni ana gyarawa. Shi ya fahimci cewa Yesu ya biya iskoki bashin da suke bi, da jininsa, kamar yadda babban mutum yakan biya wa talaka haraji. Fahimta ce mai daɗi, kuma da Malam ya so ƙidaya tubabbe da wuri, da ya bar shi a kanta. Bai bari ba. Ya nuna masa cewa hadayun da Ibraniyawa ke magana a kai na Yahudawa ne, ga Allah ake miƙa su. Ya ce masa, "Maigida, iskoki ba su halicce ka ba, ba su ba ka numfashi ba, to, bashin me suke binka? Wanda ke binka bashi na gaskiya shi ne Allahn da kuka ce ya yi nisa. Kuma shi ne ya matso ya biya."

Wannan ya fi yi wa Maigidan wuya fiye da komai. A tunaninsa na da, laifi shi ne manta yanka ko taka haramiyar gida. Cewa zaluncin da ya yi wa amarya, da gonar marayu da ya haɗe cikin gandu, suna gaban Allah a rubuce, sabon abu ne, kuma da farko ya ƙara masa nauyi ne. Ya daina zuwa aji wata biyu. Malam bai bi shi da wa'azi ba, sai dai gaisuwa. Da ya dawo da kansa, suka karanta Kolosiyawa 2:14 da 15, inda aka ce an soke takardar bashin da ke kanmu an kafa ta a gicciye, an kuma tuɓe wa masu mulki da masu iko makamansu. Ayoyi biyu, matsalolinsa biyu, kuma a jere: gafara tukuna, sannan faɗuwar ikoki. Su ne ayoyin farko da ya haddace.

Damina 1978: Shuka ba yanka

Ba a taro ya tuba ba. Da ruwan shuka ya kusa, ya je gidan Malam da asuba ya ce yana so ya faɗa wa Allah da bakinsa. Suka durƙusa, ya faɗi laifofinsa ɗaya ɗaya, ya ce ya ba da gaskiya Yesu Almasihu ya mutu dominsa ya kuma tashi. Da yamma ya tara gidan ya ce bana ba zai yi yanka ba, wanda yake so ya yi nasa ba zai hana shi ba. A makon ya mayar wa marayun gonarsu, abin da ya ba mutane mamaki fiye da ƙin yankan.

Itacen tsafi da ke tsakar gida bai taɓa shi ba, Malam ma bai ce ya taɓa ba. Ya bar shi damina guda, yana wucewa ta gabansa safe da yamma. Amfanin gona ya zo tsaka-tsaki, ba abin a zo a gani ba, ba kuma asara ba. Bayan girbi ya tuge itacen da hannunsa, ba ganga ba taro. Kayan girkar uwargida ya bar mata, ita ta fitar da su da kanta bayan shekara ɗaya.

Bazara 1979: Gwaji

'Yar amarya, mai shekara uku, ta kamu da zazzaɓi. Aka kai ta asibiti a kan keke a rana ta biyu, ta rasu a rana ta huɗu. Washegari ƙanen mahaifinsa ya ƙetaro rafi riƙe da baƙar akuya. Ya ce, "Ɗana, taurin kai ya isa. Ga ta nan, ni na saya, kai dai ɗauki wuƙa." Maigidan ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, na gode. Sa'ad da nake yanka biyu na binne. Ka yi mini gafara, ba zan ɗauka ba."

Malam ya zauna makoki kwana uku, bai kawo wani bayani na dalilin mutuwar ba. Nassi ɗaya ya karanta, maganar Dawuda bayan rasuwar ɗansa a 2 Sama'ila 12:23, cewa shi zai tafi wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba. Maigidan ya ce baƙin cikin bai gaza na 1973 ba. Bambancin shi ne wannan karon bai kwana yana lissafin wanda ya manta bai biya ba. Daga wannan lokaci yake ƙirga hutawarsa.

1980 zuwa 1990: Abin da ya biyo baya

Gandu ya rabu. 'Yan'uwa biyu suka kwashe iyalansu suka koma wajen baffansu, wasu daga baya suka musulunta. Cikin shekara uku mutum goma sha ɗaya daga gidan suka zama masu bi, aka kafa rumfar sujada. Uwargida ta bar dafa giya, ta yi asarar babbar hanyar kuɗinta, ta koma daddawa da ƙuli-ƙuli, kuma ta daɗe tana mita a kai. An daina kiran Maigidan wasu shawarwarin dattawa. Yara huɗu suka shiga firamare.

Baftisma ta tsaya. Ƙa'idar ikilisiyar a lokacin ba ta yarda a yi wa mai mata biyu ba. Ya gama ajin baftisma, ya ci tambayoyi, aka ce sai ya sallami ɗaya. Ya ƙi. Ya ce wadda ta binne 'ya'ya biyu zai kora, ko wadda ta binne ɗaya? Aka yi wa uwargida da 'ya'yansa maza biyu, shi yana tsaye a bakin rafi. Shekara goma yana fita waje in za a ci jibin Ubangiji a majami'ar da shi ya ba da filinta. Sai bayan rasuwar uwargida aka yi masa baftisma, a 1990.

Nazari: me ya gaza, me ya yi aiki

Yanka da girka sun gaza ne ba don ba a yi su daidai ba. Tsarin ba shi da ranar gamawa, kowane sauƙi yana haifar da sabon alkawari. Zuwa wurin malamin gari ba a iya kiransa gwajin Musulunci, domin magani ya je nema, malamin ma ya faɗa masa haka. Irin wannan neman ne ya kai shi ɗaga hannu a 1975: ya ɗauki sunan Yesu a matsayin laya ta biyar. Masu wa'azin sun ƙone kariyar da ya sani kafin ya san wata, suka tafi suka bar shi da damina. A ganina wannan ne mataki mafi ɓarna a duk labarin, ko da yake da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Abin da ya yi aiki ya fi wuyar ƙidayawa. Mai bisharar ya zauna, ya san tsoron daga ciki domin a cikinsa ya girma, don haka bai yi masa dariya ba, bai kuma ƙara hura shi ba. Karatu ya sa Maigidan ya ga maganar da idonsa, ba a bakin baƙo ba. Kowane mataki mai haɗari, ƙin yanka da tuge itace, shi ya zaɓi ranarsa. Amma jigon abin shi ne watannin da aka ɓata ana gyara fahimtarsa game da bashi. Da an bar shi yana ganin Yesu ya biya iskoki ne, rasuwar yarinyar a 1979 za ta nuna masa biyan bai isa ba, kuma akuyar baffansa tana tsaye a ƙofa. Ba a taɓa yi masa alkawarin cewa yara ba za su mutu ba, don haka mutuwar ba ta karya wani alkawari ba.

Kada a ɗauki wannan a matsayin ma'auni ga kowane gida. Akwai waɗanda suka tuba a taron kwana uku suka tsaya har mutuwa, akwai kuma waɗanda mai bishara ya zauna da su shekara goma ba su motsa ba.

Maganar baftisma kuwa, ban gamsu da yadda aka yi ba. Auren biyu ya riga tubarsa, kuma sakin da aka nema zalunci ne irin wanda ya tuba daga gare shi. Dattawan suna da hujjarsu, suna tsoron buɗe ƙofar da ba za su iya rufewa ba, kuma har yau ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Maigidan kansa bai taɓa ɗaga murya a kai ba. Da aka tambaye shi ko shekaru goman nan sun sa ya yi shakkar cetonsa, cewa ya yi takardar da aka soke ba a hannun dattawa take ba, sannan ya koma maganar farashin taki.